Jarka ta Biyu

Tun ranar da Malam ya shigo da taswira ya shimfiɗa ta a kan teburin cin abinci na san kwanciyar hankalina ta ƙare. Muna zaune a Glenwood a lokacin, cikin wani ɗan gidan katako mai ɗaki biyu da muke haya kusa da jami'ar da yake karatu. Shekararmu ta huɗu ke nan a birnin Greensboro na Amurka, a farkon shekarun tamanin, saura masa shekara guda ya gama mu koma gida. 'Ya'yanmu biyu, duka mata. Babbar tana da shekara takwas, Auta kuwa ba ta daɗe da cika uku ba.

Ya ce, "Yaran nan ba su taɓa ganin inda sama ta haɗu da ƙasa ba. Ko'ina ka duba a garin nan bishiya, ko'ina ciyawa, kullum ruwan sama. Sai na kai su sun ga hamada kafin mu tafi."

Shi mutumin can arewa ne, bakin iyaka, kuma kakansa ya bi ayarin gishiri, labarin da na ji ya fi sau ɗari. Ni kuwa 'yar cikin birnin Kano ce, da famfo a tsakar gidanmu na tashi. Na ce masa in rairayi yake so su gani, ga shi can jibge a filin wasan yara na bayan layinmu, ba sai an ƙona mai ba. Ya yi dariya ya ci gaba da bin taswira da yatsa.

Wata Anti da muke zumunci da ita a East Greensboro ta riƙe haɓa da na gaya mata. Ta ce, "Ke yanzu da ɗakinki da katifarki za ki bi namiji ki je ki kwana a ƙasa cikin kunamu? Wannan kuma wane irin boko ne?" Na ce, Anti, ki dai taya ni da addu'a. Ita ta taya ni yin dambun nama cike da gwangwani biyu.

Maƙwabcinmu, wani tsohon Bature da ya yi ritaya daga masaƙa, shi ya ara mana tanti da risho da manyan jarkoki biyu na ruwa, fara da shuɗiya. Ya tsaya a bakin mota yana jaddada wa Malam abu biyu: kada mu rabu da ruwa, kada mu rabu da kwalta. Malam ya amsa masa cikin ladabi, amma da muka shiga gida sai ya ce, "Wai ni za a koya wa hamada." Duk da haka ya kafa doka. Farar jarka ita ce ta sha da girki da alwala, a cika ta duk inda aka ga famfo. Shuɗiyar kuwa ta ajiya ce, ba mai taɓa ta ko da murfinta, sai in an shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi.

Kwana huɗu muna tafiya a tsohuwar doguwar motarmu. Muka wuce Tennessee da Arkansas, bishiyoyi suka fara raguwa a Oklahoma, kafin mu fita daga Texas sun ɓace ƙaf. Muka kwana a gandun gwamnati guda biyu a Arizona, irin wuraren da ake killacewa don mutane su je kallo, sannan muka haura Utah. Ba zan yi ƙarya ba, na ga ikon Allah. Duwatsu jajaye wur, wasu a tsaye sai ka ce an jera rumbuna, ga ramin da in ka leƙa sai kanka ya juya. Amma ni rabin kallon ban yi shi ba, idona yana kan Auta. Kullum da safe sai na kakkaɓe takalman kowa, na ɗaga tabarma, na leƙa ƙarƙashin mota. Hannuna ɗaya kuwa a wuyan rigarta yake wuni.

Abin da ya fi tayar mini da hankali rashin mutane ne. A gida in mota ta tsaya a tsakiyar daji, kafin ka gama miƙe ƙafa wani ya ɓullo, ko mai jaki, ko mai tallan fura, ko makiyayi da sandarsa. A nan sai mu yi awa guda ban ga ko akuya ba. Da na yi magana Malam ya ce idona ne bai saba ba, duk daji akwai mutanensa, suna nan a bayan duwatsu.

A rana ta tara muka sauka a wani masauki da ba shi da famfo. Rumfa ce kawai da teburi da shadda. Kusa da mu akwai wasu Turawa da ƙatuwar motarsu mai ɗaki da banɗaki a ciki. Da gari ya waye Malam ya ɗauki kyamara da babbar suka hau dutse kallon fitowar rana, ni na tsaya haɗa kaya. Auta tana zaune a ƙasa tana wasa da ludayi, ta yi butu-butu, gashinta ya koma ja, rigar nan ba ka gane launinta. Sai matar Baturen ta zo wucewa, ta tsaya, ta yi murmushi ta ce lallai wata tana jin daɗin ƙasa.

Yanzu da na tsufa na san babu komai a ranta. A lokacin kuwa ji na yi kamar ta watsa mini yaji a ido. Mu kaɗai ne baƙaƙe a wurin, mu kaɗai a duk masaukan da muka kwana, kuma ni uwata ba ta taɓa barin ɗanta ya fita ƙofar gida da ƙurar jiya a jikinsa ba. Wato su koma garinsu su ce sun ga 'yan Afirka da 'yarsu kamar an tono ta? Ina! Na duba farar jarka, in na taɓa ta Malam zai gani nan take. Na janyo shuɗiyar daga ƙarƙashin barguna.

Da niyyar goge mata fuska kawai na buɗe ta. Amma wanda ya san ni ya san ba na yin rabin aiki. Na yi mata wanka da soso da sabulu, na wanke kai, na ɗauraye sau biyu. Ganin ruwan kumfa zai tafi a banza na tsoma rigunansu, su ma sai da aka ɗauraye. Na wanke tukunyar jiya, na wanke ƙafafuna. Da na ɗaga jarkar sai na ji ta sakayau, ɗan abin da ya rage yana ƙara a gindinta. Amma na ce a raina ai kafin azahar mun isa gandu na gaba, in faki idonsa in cika ta. Iskar wurin ta busar da kayan kafin in gama naɗe tanti. Na ninke su, na mayar da jarkar inda take, na lulluɓe.

Da suka dawo Malam ya ɗaga Auta sama ya ce, "Kai, wannan amarya daga ina?" Na ce tsumma na jiƙa na goge ta.

Mun yi kamar awa guda a kan kwalta sai ya tsaya ya buɗe taswira. Akwai wata hanyar burji da ta yanke ta tsakiya, in ji shi, za ta rage mana rabin tafiya. Na tuna masa maganar tsohon Bature. Ya ce shi da ya koyi tuƙi a hanyar da ko burjin babu. Na so in dage, wallahi na so. Amma dalilina na gaskiya yana kwance a bayan mota ƙarƙashin barguna, in na cika musu sai ya tambaye ni abin da nake tsoro. Ina kallo ya sauka daga kwalta ya kama burjin.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya muka tarar da wata ƙaramar mota a gefen hanya, an ɗaga murfin inji, ta fuskanci inda muka fito. Wasu samari ne biyu, fuskokinsu sun yi jawur. Lagiretonsu ya tsage, ruwansu ya ƙare tun safe. Malam bai ko tambaye su daga ina suke ba, ya sauko da farar jarka ya ba su suka sha, suka zuba wa mota. Ɗayan ya ce matsalar ita ce sai sun riƙa ƙarawa a hanya kafin su kai kwalta.

Malam ya ce, "Ku tafi da ita."

Na fito daga mota da sauri na ce da Hausa, "Malam, duka?"

Ya ce, "Haba, Maman yara. Mutum ya roƙi ruwa a daji a tsaya auna masa? A garinmu ko maƙiyinka ne ba ka yi masa haka. Ga tamu can cike, ba a ko taɓa ta ba."

Nan ne wurin da ya kamata in faɗa. Kalma uku ta isa. Na buɗe baki, na dubi samarin nan suna ta godiya, na dubi Malam yana jin daɗin kansa, na ga yadda fuskarsa za ta sauya a gaban baƙi. Na koma mota na zauna. Ina ji ina gani suka sa jarkar a kujerar baya suka tafi, ƙurarsu ta daɗe ba ta kwanta ba.

Daga nan duk dutsen da muka zagaya sai in ce a raina, ya Allah, bayan wannan a ga kwalta. Hanyar ta fara hawa. Rana ta take tsakiyar ka, iskar da ke shigowa ta taga kamar ta bakin murhu. Auta ta shanye ɗan abin da ke cikin kwalbarta ta ce a ƙara. Na ce ta bari mu tsaya. Ba mu yi minti ashirin ba sai ga tururi yana fitowa daga gaban motarmu, fuu, injin ya yi tari biyu ya mutu.

Malam bai damu ba. Har waƙa yake yi ƙasa-ƙasa da ya zagaya baya. Ina jin sa ya janye barguna, ya kama hannun jarkar da ƙarfin da ake ɗaga cikakkiya, ta taso masa fiu. Waƙar ta tsaya.

"Maman yara. Zo."

Na je. Ya girgiza ta a gabana. Ban san lokacin da bakina ya ce, "Yoyo ta yi. Ai tsohuwa ce, ƙila gindinta ya tsage da girgizar hanyar nan." Ya shafa bargon ya ji a bushe. Na ce a wannan zafin me zai zauna a jiƙe? Ya dafe kansa ya ce, "Innalillahi. Ni na ɗora mata akwatin kayan gyara. Ni na fasa ta." Na bar shi a haka.

Muka tsiyaye abin da ya rage a kofin silba, bai kai kofi biyu ba. Malam ya ɗaure shimfiɗar tanti daga ƙofar mota zuwa wani dutse muka samu 'yar inuwa. Ya ce mota za ta zo, hanya ce. Muka zauna. Awa ɗaya, babu ko tsuntsu. Ya yi taimama ya yi azahar, ni ma na yi, amma ban san abin da na karanta ba.

Auta ta yi kuka da farko, kukan da na saba da shi, mai tsiwa. Ina ba ta ruwan da cokali, cokali ɗaya in jira, cokali ɗaya in jira. Babbar ta matso ta ce da Turanci ita ma tana jin ƙishirwa. Na daka mata tsawa na ce ba ta ga ƙanwarta ba ne? Ta koma ta rakuɓe jikin taya tana haɗiyar yawu. Har yau in na tuna tsawar nan sai raina ya ɓaci, yarinya 'yar shekara takwas, me ta yi? Daga baya na ba ta cokali uku, ta karɓa ba ta dube ni ba.

Can sai kukan Auta ya sauya. Baki yana buɗewa, hawaye babu. Na shafa goshinta na ji shi zafi rau, kuma a bushe, alhali ɗazu gumi ya jiƙa mata wuya. Leɓenta ya yi fari. Na duba wandonta, tun safe ba ta yi fitsari ba. Ta kwantar da kai a ƙirjina ta yi laƙwas, ƙamshin sabulun da na yi mata wanka da shi yana shiga hancina. Na ce, "Malam, yarinyar nan ta daina gumi."

Ya taɓa ta, ya miƙe tsaye. Ya daɗe yana kallon ƙasa a gefen hanya, yana tafiya a hankali, yana tona wani abu da ƙafa. Ya dawo ya ce ya ga busasshen kashin shanu da 'yar siririyar hanya da kofato ya fitar, ta gangara yamma. Saniya ba ta nisa da ruwa, in ji shi, duk inda sawun ya taru ya zama ɗaya to mashaya ya nufa.

Na ce, "In kuma mashayar ta ƙafe tun bara fa? In ka faɗi a can wa zai gaya mana?"

Ya ce, "To mu zauna mu zuba mata ido?"

Ya ɗauki shuɗiyar jarka. Ya ce ko tana yoyo ita kaɗai gare mu, in ya toshe da yatsa ya yi sauri ko rabi ne ya iso da shi. Ya naɗa rawani da tawul ya gangara. Ina kallon farar rigarsa tana ƙanƙancewa har wani tudu ya shanye ta.

Ban taɓa sanin shiru yana da nauyi ba sai ranar. Na cire wa Auta riga, ina yi mata fifita da murfin tukunya, hannu ya gaji in sauya. Ruwan kofin ya ƙare, na lakace ɗigon ƙarshe da yatsa na shafa mata a leɓe. Ina kiranta, ta buɗe ido rabi ta mayar. Na ce wa babbar ta yi mata waƙar makarantarsu da take so. Ta fara da busasshiyar murya, ta kai tsakiya ta tsaya ta ce, "Mama, mutuwa za ta yi?" Da Hausa ta yi tambayar. Na ce ta rufe mini baki, sannan na janyo ta na rungume su duka biyun.

Babu addu'ar da ban yi ba. Na yi wa Allah alkawarin azumi, na yi na sadaka. Na ce ya Rabbi, ni na yi, kai ka gani, kada ka kama yarinyar nan da laifina. Na tsine wa matar Baturen nan da murmushinta, na dawo na tsine wa kaina, don ita ba ta ɗora hannuna a kan murfin jarka ba. Ina ta hango kaina ina sauka daga jirgi a Kano da yarinya ɗaya, surukata tana duba bayana tana neman ta biyun. Duk bayan ɗan lokaci sai in sa kunnena a ƙirjin Auta. Zuciyarta tana bugawa da sauri-sauri kamar ta ɗan tsako.

Inuwar dutsen ta miƙe har ta haye hanya kafin babbar ta yi ihu, "Ga Baba!" Na ɗaga kai. Yana tahowa a hankali, a karkace, jarkar a kafaɗarsa. Yadda yake tafiya kawai ya gaya mini da nauyi a cikinta. Na fashe da kukan da na riƙe tun safe.

Ya sauke ta a gabana, ya zube a ƙasa yana haki. Leɓensa ya tsage. Ya ce kwamin shayar da shanu ne da injin iska mai jawo ruwa daga rijiya, daga bakin bututun ya tara, mai kyau ne. Ban tsaya jin sauran ba. Na jiƙa ɗankwalina na lulluɓe Auta, na zuba mata a ka, a wuya, a hammata. Na ɗiga mata a baki da cokali. Na farko ya gangaro ta gefe. Na biyu maƙogwaronta ya motsa. Babbar ta kafa kai a kofi tana sha tana shaƙewa, uban yana cewa a hankali, a hankali.

Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka a haka ba. Cokali, jira, cokali. Sai Auta ta yamutsa fuska, ta ture hannuna, ta kama kofin da hannu biyu da kanta. Ta sha, ta yi tari, ta tsala ihu mai ƙarfi saboda sanyin ɗankwalin, kuma ga hawaye shar a kumatunta. Ban taɓa jin daɗin kukan yaro irin na ranar ba. Na ce alhamdulillahi har muryata ta dushe.

Sai a lokacin na dubi Malam sosai. Yana zaune ya jingina da mota, idonsa ba a kan Auta yake ba, a kan jarkar yake. Ya miƙa hannu ya shafa gindinta, ya duba tafinsa. Ya shafa ƙasar da take zaune a kai. Sannan ya kama kafaɗar rigarsa, inda ya ɗauko ta tun daga mashaya, ya murza yadin tsakanin yatsunsa.

Ya ce, "Har wuya na cika ta. Har wuya ta iso."

Na sunkuyar da kai. Na ce, "Wanka na yi mata."

Ni da na saba in ya faɗi ɗaya in faɗi goma, na zauna ina jira ya yi faɗa, ina ma roƙon ya yi. Ya dubi Auta da ke kwance a cinyata tana shessheƙa, ya dube ni, idanunsa sun kaɗa.

Ya ce, "Duk tafiyar nan da na yi, zuwa da dawowa, cewa nake ni na kashe ta."

Ya dafa mota ya miƙe da ƙyar, ya ɗauki jarkar ya nufi gaban inji.